Daga Jidda zuwa Bur Sudan da ƙaramin jirgi: muhawarar zaure

Sabon Matuƙi, Jidda:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Kamar yadda wasunku suka sani, na kammala matakin farko na koyon tuƙin jirgin sama, kuma lasisin matuƙi mai zaman kansa ya fito. Akwai jirgi ƙirar Cessna 172, mai kujeru huɗu da inji ɗaya, wanda nake samun hayarsa, kuma raina ya ƙwallafa a kan in tashi da shi daga nan Jidda zuwa Bur Sudan in ɗauko mahaifiyata ta zo Umra. Na auna tazarar a taswira, na ga kimanin kilomita 320 ce, wato sa'a ɗaya da rabi ke nan a irin gudun wannan jirgi, alhali kuwa a lokacin koyo na yi tafiyar da ta kai haka a cikin ƙasa ni kaɗai. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: me ake buƙata kafin ƙaramin jirgi ya ƙetare iyakar ƙasa, kuma ta ina ake farawa?

Alhajin Bab Sharif:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, abin alfahari ne a ce yaronmu na Jidda yana tuƙa jirgi. Idan tafiyar ta tabbata ka sanar da ni, domin ina da 'yan kayan da zan aika wa abokin cinikina a can, kuma ni zan biya kuɗin man gaba ɗaya har da ladan wahalarka.

Kyaftin Mai Ritaya, Jidda:
Ɗana, Allah ya sanya albarka a lasisin. Zan fara da maganar Alhaji, domin ita ce mai gajeriyar amsa: mai irin lasisinka ba ya ɗaukar fasinja ko kaya a biya shi lada, kuma duk ranar da ka karɓi kayan wani da kuɗin wani ka ƙetare iyaka da su, ka shiga sufurin kasuwanci ba tare da lasisinsa ba, sannan kai ne za ka amsa tambayar jami'an kwastan a kan abin da ke cikin ƙunshin da ba kai ka ɗaure shi ba. Alhaji ya yi haƙuri, jirgin ruwan Sawakin yana nan.

Game da tambayarka, ka fara da jirgin kansa. Jirgin haya ba naka ba ne, saboda haka sai mai shi ya ba ka izini a rubuce cewa ya yarda a fita da shi ƙasar waje, kuma akasarin makarantu da ƙungiyoyin tuƙi ba sa yarda. Idan ya yarda, sashe na 29 na Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ita ce uwar dokokin zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashe, ya lissafa abin da dole ya kasance a cikin jirgin: takardar rajista, da shaidar lafiyar jirgi, da lasisin matuƙa, da littafin tafiye-tafiyen jirgin, da lasisin rediyonsa, da sunayen fasinjoji, da bayanin kaya idan akwai. Jirgin da lambarsa ta fara da HZ ɗan Saudiyya ne duk inda ya je, don haka mai lasisin GACA, hukumar jiragen saman Saudiyya, ne zai tuƙa shi, tare da shaidar likita mai rai da shaidar ƙwarewa a Turancin rediyo, wadda ba ta gaza mataki na huɗu ba. Kai kuma, tun da da iƙama kake zaune, wato takardar zaman baƙo, bizar fita da dawowa tana kanka kamar kowane matafiyi, kuma ba za ka tashi daga ƙaramin filin da kuke atisaye ka nufi teku ba. Sai ka bi ta filin da ke da jami'an jawazat, wato na shige da fice, da na kwastan, ka sauka a irinsa a can, kamar yadda sashe na 10 ya ba kowace ƙasa ikon tilastawa. Ita Hajiya kuwa tana buƙatar bizar Umra da katin rigakafin shawara.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da izini. Sababbin matuƙa da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun cike takardar shirin tafiya, hasumiya ta karɓa ba ta ce komai ba, to an ba su hanya. Ba haka ba ne. Shirin tafiya tamkar ka aika yaro ne gidan mutum ya ce kana tafe, izini kuwa shi ne maigidan ya amsa sallamarka ya ce ka shigo. Izinin shiga da sauka daga hukumar jiragen saman ƙasar da za ka je yake fitowa, yana da lamba, a ƙasashe da dama ana nemansa tun kwanaki uku na aiki kafin tafiya, kuma lambar nan ake rubutawa a cikin shirin tafiya. Mai kula da sararin samaniya zai iya tambayarka ita kana tsakiyar teku.

Ustaz Lauya, Madina:
Allah ya ƙara wa Kyaftin lafiya. Ina da ja a kan wuri ɗaya, kuma ba don in ƙarfafa wa yaron nan gwiwa nake faɗa ba, sai don kada mu koya masa cewa shigar ƙaramin jirgi wata ƙasa alfarma ce zalla. Gaskiya ne sashe na farko na yarjejeniyar ya tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta, amma sashe na biyar ya ce jiragen ƙasashen da suka rattaba hannu, waɗanda ba na jigila mai ƙayyadadden jadawali ba, suna da haƙƙin shiga, da ratsawa, da sauka don abin da ba ɗaukar fasinja ko kayan kasuwanci ba, ba tare da neman izini tukuna ba. Saudiyya da Sudan duka suna cikin yarjejeniyar. A Turai, mai ƙaramin jirgi yana tashi daga Jamus ya sauka a Faransa da shirin tafiya kawai. To, a kan wane tushe ne izinin ya zama dole a wannan yanki namu?

Kyaftin Mai Ritaya, Jidda:
Allah ya gafarta Malam, abin da ka karanto haka yake, amma sashen bai tsaya nan ba, domin ya bar wa ƙasa damar tilasta wa jirgi sauka, da damar ƙayyade masa hanya ko sa shi neman izini na musamman a yankunan da ba su da isassun kayan kula da jirage. Ta wannan ƙofa, da kuma dokokinsu na cikin gida, kusan duk ƙasashen Afirka da na yankin Larabawa suka mai da izini wajibi, kuma kowace ƙasa tana wallafa sharuɗanta a littafinta na bayanan zirga-zirgar sama, wanda shi matuƙi yake bi. A watan Nuwamba na 2016 wani ayarin tsofaffin ƙananan jirage da ya taso daga tsibirin Kirit zai je Afirka ta Kudu ya fito daga Sudan ya sauka a Gambela ta ƙasar Habasha, sai hukumomi suka ce ba su da izinin shiga, aka tsare matuƙan da mutanensu kusan kwana biyu kafin a sake su. Waɗannan mutane ne masu shiri, da masu ɗaukar nauyi, da ofisoshin jakadanci a bayansu. Babu wanda ya saurari sashe na biyar a filin jirgin Gambela.

Ustaz Lauya, Madina:
Ina nan a kan cewa asalin abin haƙƙi ne da ƙasashe suka taƙaita, kuma sanin haka yana da amfani ranar da aka tsare mutum yana da lambar izininsa a hannu. Sai dai a batun Sudan ma ba sai an je nan ba, domin sashe na tara ya ba ƙasa ikon rufe sararinta gaba ɗaya ko wani yanki nasa a halin ko-ta-kwana, sashe na 89 kuma ya ce idan ana yaƙi yarjejeniyar ba ta ɗaure hannun ƙasar da abin ya shafa ba. Ko babu harbi ma ana rufe sama: daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 jiragen Ƙatar ba sa ratsa sararin Saudiyya, kuma Nijar ta rufe nata a Agustan 2023 bayan juyin mulki.

Goggo ta Bur Sudan:
Ɗana, ni ban san dokar jirage ba, amma a garin da kake son sauka nake zaune, kuma zan faɗa maka abin da idona ya gani. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Kartum, inda aka lalata jirage suna tsaye a fili, har da na kamfanin Saudiyya, filin Bur Sudan ya zama ƙofar ƙasar, kuma sojoji ne ke da ta cewa a kansa. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kawo hari garin nan kwanaki a jere, rumbunan mai suka yi ta ci da wuta, aka dakatar da tashi da sauka. Tun daga lokacin, masu gadin gari idanunsu a sama suke, kuma abin da suke tsoro shi ne ƙaramin abu mai tafiya a hankali yana fitowa ba zato. Ka dubi jirgin naka ka gaya mini da me ya yi kama a idon sojan da bai yi barci ba. Jiragen fasinja suna zuwa Jidda daga nan, tafiyar ba ta kai sa'a guda ba. Ka aiko wa 'yar'uwata tikiti, ka tarbe ta a fili da rigarka ta matuƙa, zai ishe ta farin ciki.

Injiniyan Jirage, Riyad:
Goggo ta faɗi abin da ya fi nauyi, ni kuma zan ƙara lissafin ƙarfe. Ƙanena, mai ba shi ne matsalarka ba, ko da yake mutane suna zaton haka. Sabuwar ƙirar 172 tana ɗaukar kusan lita 200, tana shan lita 30 zuwa 35 a sa'a, don haka zuwa da dawowa zai ci kimanin rabin tankin. Amma dole ka cika shi maƙil daga Jidda, saboda injinka ba ya shan kananzir ɗin manyan jirage, sai shuɗin fetur na musamman da ake kira 100LL, wanda yake da wuyar samu a filayen wannan yanki, kuma saboda idan ka isa gaɓar Sudan aka ce an rufe fili, wurin saukarka na biyu shi ne Jiddar da ka baro.

Inda lissafin yake ƙwacewa shi ne nauyi. Abin da jirgin ke iya ɗauka, mai da mutane da kaya, kimanin kilo 400 ne. Cikakken tanki ya cinye kusan 145, saura 250 da 'yan kai. Ka sa kanka, ka sa matuƙi na biyu mai ƙwarewa, domin ban ga wanda zai bar ka ka yi wannan tafiya kai kaɗai ba, ka sa Hajiya, ka sa kwale-kwalen roba na ceto da rigunan ruwa da ruwan sha, za ka tarar ko jakar hannunta ba ta da gurbi. Ga zafin gaɓar Bahar Maliya, wanda ke sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya ƙi hawa da wuri.

Sai batun ruwa. Idan inji ya mutu, wannan jirgi yana lilo ya ci gaba kamar mita tara a duk mita ɗaya da ya sauko. Daga tsayin ƙafa 10,000 ke nan zai kai ka kilomita 27 ko kusa da haka. Ka cire wannan daga kowace gaɓa, za ka ga fiye da sa'a guda kana inda babu tudun da za ka iya kaiwa. Tafiyarka ta lokacin koyo tana da titi ko fili a ƙarƙashinta kusan ko'ina.

Sabon Matuƙi, Jidda:
Na gode, Yaya Injiniya, na gode Goggo. Amma ku yi mini afuwa in yi tambaya, ba gardama nake yi ba. Ana kai irin waɗannan jirage daga Amurka zuwa Turai ta kan Tekun Atilantika da inji ɗaya, kuma malaminmu yakan ce inji bai san a kan ruwa yake ba. Haka kuma na karanta labarin Mathias Rust, wanda yana ɗan shekara 18 ya tuƙa 172 daga Helsinki har Mosko a 1987 ya sauka lafiya. Ashe ba a ƙara wa haɗarin gishiri ba?

Kyaftin Mai Ritaya, Jidda:
Ɗana, ka karanta labarin har ƙarshensa. Rust ya sauka kusa da Jan Dandali ranar 28 ga Mayun 1987, aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu, ya yi fiye da shekara guda a tsare kafin a sake shi, ministan tsaron Tarayyar Sobiyet da shugaban rundunar tsaron sama kuma suka rasa kujerunsu saboda ba a tare shi ba. Darasin da sojojin duniya suka ɗauka daga wannan shi ne kada su sake barin ƙaramin jirgi ya wuce. An ƙara wa Yarjejeniyar Shikago sashe a 1984, bayan harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu a 1983, wanda ya hana amfani da makami a kan jirgin farar hula, amma duk da haka a Afrilun 2001 sojojin saman Peru sun harbo wata ƙaramar Cessna ta masu wa'azin Kirista bisa zaton masu safarar ƙwaya ne, wata mata da jaririyarta suka mutu. Ƙasar ba yaƙi take yi ba a lokacin.

Tun da maganar ta zo, duk mai niyyar ƙetare iyaka ya haddace wannan. Idan jirgin yaƙi ya zo ta hagunka ya kaɗa fikafikansa, cewa yake an tare ka, ka bi shi. Kai ma ka kaɗa naka, ka bi, ka kira a mita 121.5, ka sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna ka a rada sai idan an umarce ka da wata. Lamba 7600 ta mutuwar rediyo ce, 7500 kuwa ta fashin jirgi, kuma yatsa ya kuskure ya danna ta a kusa da iyaka ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Abin da ya fi damuna a kan teku ma ba inji ba ne, ido ne. Yawancin shekara akwai hazo da ƙura a kan Bahar Maliya, ruwa da sama su haɗe su zama launi ɗaya, layin da ido ke dogara da shi ya ɓace da rana tsaka. Wanda bai ƙware a tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba, kunnensa na ciki zai gaya masa yana miƙe alhali ya karkata. Haka ɗan tsohon shugaban Amurka Kennedy ya faɗa teku a Yulin 1999. Sa'o'i 40 na lasisin farko ba su tanadi wannan ba, don haka ni a ra'ayina inji ɗaya da sabon matuƙi ba su da abin yi a kan wannan ruwa.

Injiniyan Jirage, Riyad:
Ranka ya daɗe, a nan na ɗan saɓa maka. Ƙetare ruwa da inji ɗaya ba hauka ba ne idan an duba injin yadda ya kamata, an sa rigar ruwa a jiki tun kafin a tashi, kwale-kwalen yana inda hannu zai kai, akwai na'urar kiran ceto mai mita 406, kuma akwai mai lasisin tuƙi da agogo a kujerar dama. Masu kai jirage ta Atilantika haka suke yi, kuma sana'arsu ce. Abin da ya kashe wannan tafiya a wurina takarda ɗaya ce da ba a ambata ba tukuna, wato inshora. Kowace inshorar jirgi tana da iyakar ƙasashen da ta rufe, kuma a al'ada tana cire ɓarnar yaƙi sai an saye ta daban. Ƙanena ya je ya karanta ta jirgin da yake haya; zan yi mamaki idan ta wuce Saudiyya da maƙwabtanta na Tekun Fasha. Ba tare da shaidar inshora mai aiki a ƙasar ba, ba a ma karɓar takardar neman izini, mai jirgi kuma ba zai miƙa makulli ba.

Alhajin Bab Sharif:
To, idan Sudan ta gagara, ina batun gida? Iyayenmu sun taka daga Kano da Sakkwato ta Fashir da Ubayyid har Sawakin, wasu suka yada zango a Mai Wurno. Jirgi ba zai iya bin sawunsu ba?

Kyaftin Mai Ritaya, Jidda:
Alhaji, an taɓa bi. Jirage uku na sojan Ingila da suka fara sauka a Kano a farkon Nuwamban 1925 daga Masar suka taso, suka bi ta Kartum da Ubayyid da Fashir da Abeshe da Fort Lami (Njamena ta yanzu) da Maiduguri. Amma daga Jidda zuwa Kano kusan kilomita 3,400 ne, zango huɗu ko fiye ga wannan jirgi, kowace ƙasa da izininta da kuɗin filinta, kuma tsakiyar hanyar Kurdufan ce da Darfur. A bar wannan sai zaman lafiya ya dawo.

Sabon Matuƙi, Jidda:
Na ji, Baba Kyaftin. Idan ina son in koyi ƙetare iyaka a aikace tare da malami, wace hanya ce ta fi dacewa da farawa?

Injiniyan Jirage, Riyad:
Ni Aƙaba ta Jodan zan zaɓa maka. Ka bi gaɓa ta Yanbu da Wajh, tudu yana ƙarƙashinka ko a gefenka koyaushe, ka yi jawazat a filin da aka amince da fita ta cikinsa, ka shiga ta kudu. Tafiya ce mai tsawon da za ka ɗanɗana komai: lissafin mai, da canjin masu kula da sama, da takardar bayanin jirgi da mutanen cikinsa da ake miƙa wa kwastan, da kuɗin kamfanin da zai tarbe ka a fili, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin man yawa. Kafin nan ka tuntuɓi Ƙungiyar Jiragen Sama ta Saudiyya da ke Sumama kusa da Riyad, wadda Yarima Sultan bin Salman ya assasa, domin a can ne masu ƙananan jirage suke haɗuwa, kuma su ne suka san inda ake samun shuɗin fetur a wannan watan.

Kyaftin Mai Ritaya, Jidda:
Ban yarda da Aƙaba a matsayin ta farko ba. A bakin wannan mashigi ƙasashe huɗu ne suke kallon juna, Saudiyya da Jodan da Isra'ila da Masar, filin Aƙaba yana dab da iyakar Isra'ila, filin Ramon da aka buɗe a 2019 kuma yana ɗan arewa da shi a cikin kwari ɗaya, ta yadda kuskuren 'yan kilomita ya isa ya jefa mutum sararin da ba a yi masa izini ba. Ni daga Dammam zuwa Baharain zan fara da shi: ruwan kaɗan ne, gadar Sarki Fahad tana nan a matsayin alama, kuma duk takardun da za a nema a doguwar tafiya za a neme su a nan. Wahalarta ita ce rediyo, domin sararin cike yake da manyan jirage kuma tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, amma wannan aiki ne da malami zai iya riƙe masa.

Kowacce kuka zaɓa, ka kula da kwanan watan da ke jikin izinin, domin da agogon Girinwic ake rubuta shi, Saudiyya kuma tana gaba da shi da sa'a uku. Wanda ya tashi ƙarfe biyu na daren Lahadi wayewar Litinin a agogon Jidda, a lissafin izini ƙarfe goma sha ɗaya ne na daren Lahadi, don haka idan Litinin aka ba shi, bai shiga ranarsa ba tukuna. Ka tambayi wanda ya nemo maka izinin sa'o'i nawa aka ba ka na sassauci kafin lokacin da bayansa, ka sa ya rubuto maka amsar, ka ajiye ta tare da lambar a inda za ka iya karantowa da hannu ɗaya.